Bangon Gwaggo Guizhi

Tun tana da ƙarfinta Gwaggo Guizhi take kankare bangon unguwarsu a Zhengzhou, da wuƙar fenti da bokiti. Tallan masu gyaran makulli, na masu maganin ƙarfin maza, duk ta sha kankare su. Ba ta yi boko ba. Kalma ɗaya ta iya karantawa, ita ma Kuang, shugabansu a ofishin tsabtar unguwa, shi ya ɗura mata, wani ɗan gayu da ko jikanta bai girma ba.

"Gwaggo, ba a cewa mannawa, wannan maganar kasuwa ce. Zhangtie ake cewa. Duk inda aka rubuta an hana zhangtie, ki kankare."

To, ta haddace. In ofis ya liƙa takarda, zhangtie ne. In talaka ya liƙa, ƙazanta ce. Kai, duniya!

Sai mijinta, tsoho Pang, wanda tsufa ya cinye wa tunani, ya fita sayen madarar waken suya bai dawo ba. Ga sanyi, ga shi da silifa. Ta sa aka buga mata hotonsa da lambar wayarta, ta dama ƙullun fulawa, ta bi lungu-lungu tana mannawa. Wa ya fi ta sanin bangon da ido ke faɗa wa?

Da safe Kuang ya tare ta. Masu duba tsabtar gari na tafe, in ji shi.

"Gwaggo, ke da kanki? Ki kawo a buga hatimi, Litinin a sa a allon ofis."

"Litinin? Ubanka ne zai kwana a titi har Litinin?"

"Ni dai na sa an cire."

Wallahi an cire, tas, ko ɗigon ƙullu ba a bari ba. Ta leƙa bokitin abokiyar aikinta, ga fuskar Pang gunduwa-gunduwa a ruwan datti.

Ta tuɓe rigar aiki mai ruwan lemo, ta yaɓa mata sauran ƙullun, ta manna hoton ƙarshe a bayan rigar, ta mayar da ita jikinta. Ta wuce bakin kasuwa inda jama'a ta fi yawa. Kuang ya biyo ta yana haki.

"Rigar ma ta ofis ce, Gwaggo."

Ta miƙa masa wuƙar, ta juya masa baya.

"To bismilla, ɗan nan. Kankare shi ina ciki."