Zane Bakwai a Kan Akwatin Hannatu

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanwata Hannatu, kuma har yau ban huce ba. An ce in yi haƙuri, na yi. Haƙurin rashinta na iya. Abin da ya gagare ni shi ne haƙurin yadda muka yi da ita tun tana da rai, mu mutanen kirki, masu zuwa sujada kan lokaci.

Ga wanda bai san ta ba: malamar aji ɗaya ce a wata firamare a Tarauni, mijinta ya riga ta, tana zaune a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi ita da 'yarta Rifkatu. Ni ne yayanta. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, kuma na shekara goma sha huɗu ina magatakardan dattawan majami'armu. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

A majami'armu kowace ƙungiya tana da zanenta na anko, kuma al'ada ce in 'yar ƙungiya ta rasu a shimfiɗa zanen a kan akwatin gawarta. Hannatu bakwai aka shimfiɗa mata: na zumuntar mata, na mawaƙa, na malaman makarantar Lahadi, na masu tarbar baƙi, na kwamitin girki, na masu ziyara, da na gwauraye. Sai da aka yi cacar baki a bakin ƙofa kan wanda zai zauna a sama. Mai wa'azi ya nuna akwatin ya ce, “Ku dubi yadda baiwar Allah ta amsa kira!” Jama'a suka ce amin. Ni kuwa ƙirgawa nake yi, na ga zane bakwai, kwanakin mako ma bakwai. Ba mu rage mata ko ɗaya ba.

Yaya mutum ɗaya yake tara bakwai? Ai ba wuya. A wurinmu ba a zuwa a ce maka, “Mun rasa mai yi, ka taimaka.” Da haka ake faɗa, da mutum ya iya ba da uzuri. Sai dai a zo su uku, a zauna, a sassauta murya, a ce, “Mun yi addu'a, Ubangiji ya nuna mana ke.” To, wa za ki yi wa gardama? Na daɗe ina rubuta bayanin taro, na kuma lura da wani abin al'ajabi. Ubangiji bai taɓa nuna mana mai zafin baki ba. Bai taɓa nuna matar wani babba da tukunya ba. Kullum wadda ba ta iya cewa a'a yake nunawa, kuma sau da yawa a ranar da ba ta zo taron ba.

Alhali Hannatu tana da nata abin. Maƙwabtanta yawanci matan masu adaidaita ne da leburori, Musulmi, waɗanda aka kawo daga ƙauye. Wata rana ɗaya daga cikinsu, Hajara, ta shigo da kwalbar maganin ɗanta tana tambaya cokali nawa aka rubuta, don kwana biyu tana ba shi da ka. Hannatu ta karanta mata, sannan ta ce, “Jibi bayan la'asar ki dawo, ke za ki karanta mini.” Daga nan aka fara. Aka samo tsohon ƙyauren taga aka shafa masa baƙin fenti, aka jingina shi a tsakar gida. Talata da Alhamis, mata kusan goma a kan tabarma, da goyo da komai. Ba wa'azi take musu ba, su ma ba shi suka zo ji ba. Baƙaƙe da wasula ne kawai.

Na taɓa tarar da ita a gaban allon nan, alli har a goshi, tana dariya irin wadda rabona da ji tun muna yara a gida. Da matan suka watse ta ce mini, “Yaya, in ina nan ba na sanin lokaci ya wuce. A can majami'a kuwa, Allah ya gafarta mini, har a cikin addu'a agogo nake leƙe. Kai da ka yi karatu, wanne ne kiran?” Na ba ta amsa irin ta masu karatu, doguwa, da ta fari da ta biyu, babu komai a ciki.

Ba ta tsaya a kan amsata ba. Ta yi wata guda tana azumi da addu'a a kan maganar, ta kuma nemi shawarar wata tsohuwa da ta yarda da ita. Sannan ta rubuta takarda, layi takwas, cewa ta ajiye muƙami biyar, ta riƙe makarantar Lahadi da zumuntar mata, domin ta tabbata Allah ya ba ta wani aiki a unguwa. Bisa ƙa'ida, irin wannan takarda ta hannun magatakarda take bi. Ta miƙo mini. Na ce, “Bari a wuce godiyar kaka tukuna.” Aka wuce. Na ce bari a wuce Kirsimeti. Bayan Kirsimeti ga taron mata na gunduma.

Ta tare ni wata Lahadi muna jiran adaidaita. “Yaya, takardata fa?”

“Tana kan hanya.”

“Daga jakarka zuwa teburin dattawa? Wace irin hanya ce wannan, ta Legas?”

Muka yi dariya, ni da ita. Gaskiyar da ban gaya mata ba guda biyu ce. Ina jin daɗi in aka ce gidanmu gidan hidima ne. Kuma na san in ta sauke tukunyar girki, Ubangiji matata zai nuna. Ga tauhidina ke nan gaba ɗaya a lokacin.

Ana cikin haka aka mayar da koyon waƙa ranar Alhamis, kwamitin ziyara ya cinye Talata. Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa majami'a adaidaita biyu ne, zuwa da dawowa yamma ta tafi. Ta ce wa matan a dakata na ɗan lokaci. Allon ya koma abin shanya kuɓewa.

Wata ranar Asabar da rana tsaka ta faɗi a bakin murhu bayan majami'a, tana juya dafa-duka na baƙin taro. Ranar Alhamis ɗin makon ya kamata ta koma asibiti a duba jininta, ba ta je ba, ana shirin taro. Aka sa ta a mota, aka sa wata ta ƙarasa juya tukunyar. Ban ce majami'a ce ta kashe ta ba. Likita ya ce hawan jini, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da na ce shi ne, kwanakin da Allah ya ba ta, mu muka raba su tsakaninmu, muka sa hannu da sunansa.

A zaman makoki an ajiye littafin ta'aziyya a kan tebur. Hajara ta zo da sauran matan, suka zauna can gefe cikin hijabansu. Da za su tafi ta ɗauki biro, ta duƙa, ta rubuta sunanta, harafi ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe. Ta miƙa wa ta kusa da ita. Wannan ta juya biron a hannu, ta juya, sannan ta miƙo mini ta ce, “Malam, rubuta mini. Mu ba mu kai nan ba.” Sunaye takwas na rubuta da hannuna a ranar, da kyakkyawan rubutuna na magatakarda, takardar Hannatu kuma tana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata.

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga mun ci gaba. Da sai an tako ƙafa an zo gidanka kafin a ɗora maka kaya, yanzu a waya ake jefa ka cikin guruf kana wanka. Sanarwa ta fi wa'azi tsawo. Kowane mako da takensa, kowane wata da babban taronsa, ana ta koyar da yadda ake jin muryar Allah a cikin hayaniyar da ko muryar na kusa da kai ba ka ji. Ban ce a daina sharar majami'a ba, wani ne zai share, ni ma ina nan ban fita ba. Amma a kira abu da sunansa. In hannu ake nema, a ce hannu ake nema.

Abin da ya sa na rubuta wannan bana, ban yi shiru irin na shekara takwas ba, shi ne Rifkatu. Ta zama malama kamar uwarta, kuma zanenta uku tuni. Shekaranjiya ta same ni a gida a Babban Giji ta ce, “Kawu, sun zo su uku. Wai an nuna musu ni, shugabar 'yan mata. Lahadin nan za a tabbatar.”

“Ke fa, me aka nuna miki?”

“Ni dai gado ake nuna mini, Kawu, barci nake ji.” Ta yi dariya, sannan ta ci gaba. “Inna Hajara ta zo nemana. Ita ke karanta wa duk layinsu katin asibiti yanzu, ta ce ta gaji ita kaɗai. Tana tambaya ko allon Mama yana nan.”

Na tashi na buɗe jakar, na ba ta takardar. Ta karanta sau biyu. Ba ta zage ni ba, tarbiyyar uwarta ce. Cewa kawai ta yi, “Tawa ba ta hannunka za ta bi ba.” Na ce daidai ne.

Muƙaman Hannatu bakwai, kafin a yi sati uku an cike su duka, ba abin da ya tsaya. Zannuwan suna cikin akwatin ƙarfe, sun koɗe. Abin da ba a sami mai cikewa ba shi ne wanda ba mu taɓa rubutawa a bayanin taro ba, na tsakar gida bayan la'asar. Shi ne kuma kaɗai ya yi 'ya'ya: mace guda a Gyaɗi-Gyaɗi da ba ta ba ɗanta magani da ka.

Ranar Lahadi, kafin a kira sunan Rifkatu, zan miƙe in nemi izini in karanta layi takwas ɗin nan a gaban ikilisiya, in kuma faɗi a jakar wa suka kwana. Sai magatakarda na yanzu ya rubuta cewa takardar Malama Hannatu ta iso. Ni kuma ranar Litinin zan je sayen baƙin fenti.