Ƙafar Sau-Uku

Ƙafarsa ta dama takan riga shi tashi. Yana zaune a bakin gado bai gama buɗe ido ba, ita kuwa tana taka iska: ɗaya, biyu, uku. Haka take yi in zai tashi daga cin abinci, haka in zai rufe zance. Shi ya sa duk layinmu ba a kiransa da wani suna sai Sau-Uku.

Sana'arsa kai ƙwai. Shekara ashirin da shida yana ɗauko kiret-kiret daga gonar kaji yana raba wa masu shaguna, a cikin wata farar bas da farinta ya koma launin shayi mai madara. Tsohuwa yake ce mata. Birkinta ba ya amsa kira ɗaya. Tiyoyin roba da ke kai man birki ga tayoyi sun tsufa sun yi laushi, in aka taka sai su kumbura kamar kumatun mai hura wuta, ƙarfin ya zube a hanya. Taku na farko sallama ne, na biyu gaisuwa, a na uku Tsohuwa take yarda ta tsaya.

"Mota ce mai kunya," yakan ce. "Ba ta tsayawa da garaje a gaban mutane."

Wata safiya kunyar ta yi yawa. A gangaren layinmu ya taka uku, ya ƙara na huɗu kyauta, Tsohuwa ta wuce a hankali ta jingina goshinta da ƙofar maƙwabci. 'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta zo ta duba ƙofar, ta duba uban, ta zare makullin ta jefa a jaka.

"Baba, yau ƙofa ce, gobe ɗan wani ne. Ko a gyara, ko in kira masu sayen tsohon ƙarfe."

"A auna ta a sikeli kamar buhu? Ita ta kai ki makaranta fa."

"Ta kai ni. Kullum kuma sai mun wuce ƙofar makarantar nake sauka."

Aka ja Tsohuwa gareji. Bakaniken ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito da wani baƙin abu yana lilo.

"Baba, wannan ba tiyo ba ne, hanjin kaza ne."

Ya ɗauko sababbi guda huɗu, kowanne an saƙa masa riga da zaren ƙarfe mara tsatsa, suna ƙyalli kamar awarwaro. Waɗannan ba sa kumbura, in ji shi, abin da ƙafa ta faɗa shi taya za ta ji. Da aka zo fitar da iska daga man birkin, sai aka zaunar da Sau-Uku a kujerar direba. Bakanike yana kira daga ƙasa, "Taka, taka, riƙe," shi kuma yana takawa fuska cike da annuri, kamar makaɗin da aka miƙa wa gangarsa.

"Yi ka more, Baba," in ji bakaniken. "Daga yau sau ɗaya ne."

Kai ya ji. Ƙafa ba ta ji ba.

Washegari, da kiret arba'in a baya, ya iso mararraba ta farko. Ƙafa ta yi sallama, Tsohuwa ta ƙame. Ta yi gaisuwa, ta sake ƙamewa. A na uku sai ya ji wata ƙara a bayansa kamar ana tafi a hankali. Gwaiduwa ta biyo ƙarƙashin ƙofa ta malala a kan kwalta, rana ta fito sau biyu a safiya ɗaya.

Makulli ya koma jakar 'yarsa. "Da mota ce ba ta ji, yanzu direba ne. Na ba ka mako guda, Baba. Ran Asabar zan shiga da kaina."

Ya dawo gida ya zauna a ɗakin ɗinkin matarsa, wadda tela ce. Ko ƙafar ba ta motsa ba, abin da ya fi ba matar tsoro ke nan. Ta tsinke zare da haƙori ta dube shi.

"Baban yara, ka manta lokacin da na bar keken ƙafa na sayi na lantarki? Riga uku na lalata. Ƙafata na neman kokawa, keken kuwa raɗa yake so. Taso ka zauna nan."

"Ni? Da furfurata?"

"Furfurarka ce za ta taka? Cire takalmi."

Ta tura masa tsummoki. Ya taka, keken ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi.

"A hankali, malam. Kamar kana taɓa goshin jariri ka ji ko da zazzaɓi."

Kwana biyar muna jin keken ta taga, da farko yana haki yana tsayawa, daga baya ya koma gurnani mai tsawo kamar kyanwa a cinya. Ran Juma'a ya ɗinke rigar matashin kai guda biyu, ɗinkin a miƙe.

Ran Asabar 'yar ta zauna a gaba da kiret guda a cinyarta. Suka sauka gangaren, maƙwabci yana tsaye a gaban sabuwar ƙofarsa yana addu'a. Tsohuwa ta tsaya kamar tsuntsuwar da ta sauka a reshe.

Da suka dawo ɗakin ɗinki, 'yar ta ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a hasken taga. Talatin, ba ko tsaga. Ta ajiye makullin a kan teburin keken.

"To yanzu wa zai ƙarasa mini labulen nan?" in ji matar.

"Ajiye mini," in ji shi. "Kada ki taɓa, hannunki na karkata."

Ya ɗauki makullin. Ƙafar ta ɗaga, su biyun suka zuba mata ido. Ta sauka sau ɗaya, a hankali. Ya zura takalmi, ya ɗaga labulen ƙofa ya fita.