Tafiya a Kanda da Huhun Wani

Shekara ashirin da wani abu ina dafa shinkafa da wake a bakin titi a unguwarmu Nima, da itace, hayaƙi na shiga mini hanci tun da farar safiya. Shi ya cinye mini huhu. 'Yata da ke aikin jinya a ƙasar waje ta ɗauke ni, can aka yi mini dashe. Na dawo gida da huhun wani bawan Allah da ban san ko sunansa ba, da jakar magani, da takardar motsa jiki.

Ma'aikaciyar asibitin da ta koya mini motsa jikin ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce huhun lafiyarsa lau, ƙafafuna ne suka mutu da kwanciya, in kuwa na zauna shi ma zai bi su. Kullum in tashi daga kujera in koma sau goma ba tare da na dafa gwiwa ba, in riƙe gorar ruwa a kowane hannu, in yi tafiya har numfashi ya yi nauyi amma ina iya magana. Maganin da ke hana jikina ƙin huhun ya karya mini garkuwa, don haka ba cunkoso, ba hayaƙi, ba zama da mai tari.

Baiwar Allah ba ta san zamanmu na Zango ba. Washegarin saukata tsakar gida ta cika da 'yan dubiya, har daga unguwar Maamobi, kowa na son ya shigo ɗaki ya riƙe hannuna. Cikinsu akwai ƙawata mai ƙosai, wadda kaskonta ke jikin tukunyata duk shekarun nan. Ta zo da koko da zafinsa, tana jan majina. Ta taga na amsa mata, da takunkumi a fuskata.

"Ƙawa, ni ma?" in ji ta.

Na ce, "Ke ma. Likita ne ya hana."

Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta tafi.

Ranar da na fara fita tafiya, ban kai kan kwana ba telan layinmu ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Na ce ba ko'ina. Ya dube ni kamar na zautu, don a wurinmu babbar mace ba ta fita sai da dalili. Ya jawo benci, wai in zauna in huta. Maƙwabciyata kuwa ta fizge gorunan daga hannuna, wai haba, tana raye zan ɗauki kaya? Ta kai mini su gida. Kwana uku ana haka. Na huɗu raina ya ɓaci, na daka wa telan tsawa a gaban mutane, na ce bencinsa ne zai kashe ni. Ni dama bakina ba shi da birki, na sani.

Sai na koma tafiyata a Kanda, unguwar masu hali da ke tsallaken babban titi. Bayan sallar asuba, kafin trotro, motocin haya, su cika hanya da hayaƙi, in lallaɓa in haye can. Tituna masu faɗi, katangu dogaye, ba mai tambayar inda za ka. Da farko daga turken wuta zuwa na gaba sai na tsaya na dafa bango. Bayan wata biyu ina zaga layi guda ban tsaya ba. Ranar na yi murna har na waiga in faɗa wa wani, babu kowa sai kare a bayan get. Wallahi na yi kuka cikin takunkumin nan.

Magana ta bazu a unguwa: wai ina da lafiyar yawo a layin masu hali amma ba ni da lafiyar gaisawa, na je waje na dawo ina ƙyamar mutane. 'Yan dubiya suka ɗauke ƙafa. Aka yi suna uku a layinmu, sai dai in ji kiɗa. Kaɗaicin ya dame ni fiye da ɗinkin ƙirjina, amma duk safiya sai na fita, don na san abin da zama zai jawo mini.

Wata Talata ƙafa ta yi mini daɗi, maimakon in juya gida sai na miƙe har wurin sana'armu. Ƙawata na can tsallake tana suya, hayaƙi ya turnuƙe ta, wata kuma ta kafa tukunya a gurbina. Ba halin in tsallaka. Na ajiye gorunan, na ja takunkumin ƙasa, na cika ƙirji na ƙwala mata kira:

"Ƙawa! Ina kwana!"

Muryar ta ƙetare titi da duk hayaniyar motoci, abin da rabona da shi shekara biyar. Masu jiran mota suka waigo, mai burodi ta waigo. Ita ma ta ɗago, muka haɗa ido. Sai ta sunkuya ta ci gaba da juya ƙosanta.

Na mai da takunkumin, na ɗauki gorunan. Saura mini minti goma a tafiyar ranar, sai na ƙarasa su.