Anti Riƙe-Min, Wadda Ta Sauke Hannun Maigidana

Kafin likita ya iso, kafin mai shara ta gama goge baranda, Anti ta riga ta shiga ɗakin aiki. Za ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta wanke hannu har gwiwa, ta jera ƙarafan da aka dafa a kan faranti, ta kunna fitilar saman kujera ta gani ko tana ci. Daga nan sai ta yi abin da ba ya cikin aikin da aka ɗauke ta: ta goge wani madubi mai mariƙi, ta ajiye koren kofin roba kusa da famfo. Haka take yi kullum, shekara talatin da 'yan kai, a asibitin haƙorin da ke saman wani kantin magani. Ita mataimakiyar likita ce. Sunanta ba ya jikin allon ƙofa, yawancinmu ma ba mu san shi ba. Anti Riƙe-Min muke ce mata, kuma yanzu za ku ji dalili.

Makon jiya ta yi ritaya. Ni mai ɗinki ce, rubutu ba sana'ata ba ce, amma na rantse sai na ajiye almakashi na ba da labarin matar nan, don wallahi abin da ta yi a gidana ya fi ƙarfin "na gode".

Maigidana mai koyar da tuƙi ne. Haƙoransa na gaba sun cunkushe, biyu sun hau kan juna, ɗaya ya leƙo waje kamar yana neman hanyar fita. Tun yana saurayi ya tara gashin baki ya rufe su. Ina yi masa tsiya cewa ni gashin baki na aura, mutumin kuwa daga baya na riƙa ganinsa kaɗan-kaɗan. Shekara ashirin muna tare ban taɓa ganin dariyarsa a buɗe ba. Da abin dariya ya zo, hannu ya riga dariyar isa baki. Har sana'arsa ma, na lura, ya zaɓi wadda ake zama gefe da gefe kowa yana kallon titi.

Ni na saba, ban damu ba. Abin da ya tayar min da hankali Auta ce, 'yarmu mai shekara shida. Wata rana yayyenta suna ba ta dariya a falo, sai na ga ta ɗora tafin hannu a baki, ta sunkuyar da kai, kafaɗa tana rawa. Sak ubanta! Yarinyar da haƙoranta suke jere lafiya lau. Na ce a raina, idan na yi shiru, yarinyar nan haka za ta girma tana ɓoye dariyarta ba ta san dalili ba.

Na sa shi gaba da mita har ya gaji. Na ce ai yanzu manya ma ana sa musu wayar nan ta daidaita haƙori. Ya ce, "Ni da furfurata? Ɗalibaina su ce malam ya koma yaro?" Na ce su ce mana. Ranar da ya yarda, ni na riƙe makullin mota don kada ya canza ra'ayi a hanya.

A wurin jira muka fara jin labarin Anti. Mai shara ta dube mu, ta dubi gashin bakin, ta yi murmushi ta ce, "Za ku sha kofi yau." Ban gane ba. Ta ba ni labarin wata dattijuwa mai jikoki da ta zo tana rawar jiki, tana cewa ko a shekarunta za a yi mata dariya. Anti ta zauna da ita har aka tashi aiki, ba ta ce mata yi ba, ba ta ce mata bari ba. Wani mutum da ke jiran ɗansa ya sa baki, ya ce shi kuma ƙanwarsa ce ta zo saboda wanda take so ya ce haƙoranta ba su yi masa ba. Anti ta sallame ta, ta ce, "Je ki turo shi, nasa za mu fara dubawa."

Aka kira mu. Ga ta nan, 'yar gajeriya, takunkumi a fuska, ba ka ganin komai sai idanu masu tsokana. Maigidana ya zauna a kujera kamar wanda za a yanke wa hukunci.

"Malam, riƙe min wannan," ta ce, ta miƙa masa madubi. Ya karɓa da dama.

"Yauwa. Riƙe min wannan ma." Ta cika koren kofin nan da ruwa har baki, ta ɗora masa a hagu. "Kar ya zube, yanzu aka goge ƙasa."

Sannan ta ja kujerarta, ta ƙura wa gashin bakin ido, ta ce, "To, Malam, haƙoran za mu gani kai tsaye, ko sai mun nemi izini wurin mai gadin nan? Na ga ya daɗe a bakin aiki, ko hutun shekara ba a ba shi."

Jama'a! Dariya ta ƙwace masa. Hannu ya zabura zai tafi baki, ruwa ya yi tangal-tangal, ya tsaya. Ɗaya hannun ya ɗago, sai ga madubi a gabansa. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta dariya baki buɗe yana kallon kansa, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon dariyar mijina karo na farko. Ashe har wani ɗan rami ke fitowa a kumatunsa! Hawaye suka zubo min, ban ma tsaya sharewa ba.

Da ya lafa, ta karɓi kayanta ta ce, "Ka ga dai ba wanda ya suma." Sai ta daina wasa. "Wa ya aiko ka?"

Ya nuna ni da baki.

"To ku koma gida."

Na ce, "Ban gane ba, Anti. Kin san wahalar da na sha kafin na kawo shi?"

"Na sani, 'yar'uwa, fuskarki ta nuna. Amma ba a bakinki za a ɗaura wayar ba." Ta juya wajensa. "Malam, bari in gaya maka gaskiya. Ƙashin babba ba ya saurin motsi kamar na yaro, abin zai iya kai ka shekara biyu. Duk ranar da aka ɗaure wayar, kwanakin farko ko burodi za ka ji kamar dutse kake tauna. Za ta goge maka leɓe. Wanke baki zai zama aiki. In an cire, akwai robar da za ka riƙa sawa don kada haƙoran su koma gidan jiya. Kuma sai likita ya duba dasashinka ya ga ko zai ɗauka. Wanda aka turo ba ya jure wannan, rabin hanya yake gudu. Ka dawo ranar da kai ka aiko kanka. In ba ka dawo ba ma babu laifi. Ko ka gyara ko ka bari, ni dai hannun nan nake so ya sauka."

Na fito ina huci. Tun daga matakala har gida ban rufe baki ba. Wace irin ma'aikaciya ce wannan, ana kawo mata aiki tana kora? Shi kuwa yana tuƙi yana ɗan murmushi a ƙarƙashin gashin bakinsa, abin da ya ƙara ƙona min rai.

Anti, ki yafe min maganganun ranar. Ke kika san abin da kike yi.

Na daina yi masa zancen. Makonni suka wuce. Wata rana da yamma ya dawo aiki ya zauna cire takalmi, Auta ta sa hularsa tana kwaikwayon yadda yake ce wa ɗalibai "birki, birki!" Ita da kanta abin ya ba ta dariya, sai hannu ya tafi baki. Wannan karon a gabansa aka yi.

Ya ce, "Auta, me ya sa kike rufe baki?"

Ta dube shi da mamaki. "Baba, ai haka ake dariya."

"Wa ya gaya miki?"

"Kai mana."

Ya zauna da takalmi ɗaya a hannu yana kallonta. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Washegari ya tafi asibitin shi kaɗai, ban ma sani ba sai daga baya ya ba ni labari. Ya ce da ya shiga, Anti ta tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce shi ne. Amma har lokacin zuciyarsa biyu. Ya ce mata, "Anti, in ke ce, me za ki yi?"

Sai ta zame takunkumin ta washe masa baki. Ashe matar da ta yi shekara talatin a ɗakin daidaita haƙori, nata haƙorin gaba ya hau kan ɗan'uwansa ya yi zamansa! Ta ce, "Ka gan shi? Duk likitan da ya zo aiki nan sai ya kalle shi ya haɗiyi yawu. Sun roƙe ni har sun gaji. Irin na babata ne, in na duba madubi ita nake gani, shi ya sa na bar shi. Ni ina son nawa. Kai fa, kana son naka?"

Ya ce mata, "Ban taɓa son su ba."

"To ka samu amsarka. Hau kujera in kira likita."

Ranar da aka ɗaura masa wayar ya biya wurin mai aski. Da ya shigo gida babu gashin baki, na yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Auta ta ɓuya a bayana ta ce wani baƙo ya shigo. Wayyo, daɗi kamar ya kashe ni! Na zagaya shi na sake zagayawa, na ce ashe kyakkyawa na aura aka ɓoye min.

Wahala kam ya sha ta. Akwai ranar da ya zauna gaban abinci yana kallonsa kamar maraya. Ɗalibansa sun yi tsiyar da ya ji tsoro, wani ma ya tambaye shi ko wayar tana kama rediyo. Sau biyu ya ce a cire masa ya huta. Duk lokacin Anti ce ke kiransa a waya ta ce ya zo ta manna masa ɗan kakin da ke hana ƙarfe goge leɓe, ta zolaye shi har ya manta da zancen cirewa. Yanzu ya wuce rabi. Haƙorin da ke leƙe ya fara shiga layi.

Anti, ke ce mai koren kofi, mai faɗin gaskiya ko da za a fita ana zaginki. Likita ya ɗaura waya, mun gode masa, amma ke kika san cewa mutumin da ya hau kujerar nan ba haƙori kaɗai ya kawo ba. Ke kika kore mu ranar da ya kamata a kore mu, kika karɓe shi ranar da ya zo da ƙafarsa.

Ranar sallamarta wurin jira ya cika har matakala. Masu waya a baki, waɗanda aka cire wa, da waɗanda ta sallama ba su taɓa sawa ba, su ma sun zo. Dattijuwar nan mai jikoki tana gaba-gaba tana washe baki. Likita ya yi jawabi, ya ce shi bai san yadda zai buɗe asibitin nan babu ita ba. Aka ce Anti ta ce wani abu. Ta miƙe za ta yi magana. Kuka ya zo mata tare da dariya, sai ga Anti, Anti da kanta, ta ɗaga hannu biyu za ta rufe fuska.

Ban san lokacin da maigidana ya shiga ɗakin aiki ba. Sai ganinsa muka yi ya fito da madubi a hannu ɗaya, koren kofi cike da ruwa a ɗayan, yana takawa a hankali. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Anti, riƙe min."

Wurin ya kaure da dariya! Ta karɓa, hannu biyu a cike, hawaye na zuba, tana dariya da karkataccen haƙorinta a fili, ruwa yana fantsala a ƙasa, mai shara tana ihu tana cewa yau ta yafe. Na waiga in ga Auta. Haƙoranta biyu na gaba sun faɗi kwanan nan, giɓi ne fal a bakin. Tana tsaye kusa da ubanta ta buɗe shi gaba ɗaya tana ƙyaƙyatawa, hannayenta biyu suna tafi.

Mun gode, Anti. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara lafiya, ya saka miki da abin da ba za mu iya biya ba. Ku kuma da kuke aiki da jama'a, a asibiti ne, a aji ne, ko a shago irin nawa, ku dubi wanda ya shigo da kyau kafin ku fara aikinku, ku tambaye shi wa ya aiko shi. Ni tuni na sayi koren kofi na ajiye kusa da keken ɗinkina.