Furogiram ɗin da ya maƙale a kan danginmu

Shekarun baya, tun lokacin da sai mutum ya hau tudu yake laluben sabis ɗin waya a garinmu Nasarawa Burkullu, ina shekarar ƙarshe a kwalejin da nake karatun kwamfuta. Ƙa'idar makarantar ita ce kowane ɗalibi ya rubuta furogiram nasa na kansa, ya tsaya gaban malamai ya nuna musu yana aiki, sannan a sallame shi. Wanda nasa ya ƙi, sai ya maimaita shekara. Ni kuwa ba ni da wannan damar. Mahaifina dama can bai gamsu da karatun da ake zama gaban akwati ana danne-danne ba. Ya ce ya yi haƙurin shekarun da aka faɗa masa tun farko, ba zai ƙara ko ɗaya ba. In na gama, madalla. In ban gama ba, gona tana nan, ba ta taɓa korar kowa ba.

Abokaina duk sun zaɓi abin da aka saba, wannan na ɗakin karatu, wancan na asibiti. Ni da iya-yina na ce sai na yi abin da ba a taɓa yi ba, wato furogiram na asalin dangi. Tsarinsa ba wuya. Kowane mutum yana da ɗan gurbinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a ciki akwai sunansa da wani manuni da ke nuna gurbin ubansa. In ka ba shi sunan mutum, sai ya hau daga ɗa zuwa uba, daga uba zuwa kaka, har ya kai tushe, sannan ya zano maka zuriyar. Na gwada shi da sunayen Turawan da ke cikin littafinmu, ya yi aiki lafiya lau. Har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Da aka ba mu ɗan hutu na zo gida, na zauna wajen gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta san dangi kamar yunwar cikinta. Tana ɓarar gyaɗa tana lissafo min wane ya haifi wane, da waɗanda suka koma Adabka, da waɗanda suka yi Anka. Da ta iso kan mahaifinsu, wato kakana, sai ta kawar da kai ta ce, "Wanga ba ni kiran sunanai. Sa irin naka." Na rubuta na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Na koma makaranta na shigar da mutanen nan kaf. Kun san wanda na fara sakawa? Ni kaina mana, tunda ni ne mai furogiram. Na danna, na jingina da kujera ina jiran a zano min zuriya. Shiru. Ɗan layin nan yana ta ƙiftawa a kan allo, babu zane, babu saƙon kuskure, babu komai. Na kashe na kunna, haka. Na canza kwamfuta, haka.

Laifi tudu ne. Na fara ɗora wa kwamfutocin makaranta, na ce tsofaffi ne. Na koma kan bairos, wato cutar kwamfuta. Daga baya na yanke cewa danginmu ne suka fi ƙarfin injin, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sai na shiga korar mutane daga zuriya. Na sallami dangin Adabka gaba ɗaya, na bi na Anka na share, amma abin bai ko motsa ba. Na buga furogiram ɗin a takarda ina yawo da shi a aljihu, ina karantawa har na kusa haddace shi. Duk layin da na duba daidai yake. Ranar nunawa tana matsowa, ni kuma ido ya raina fata. Gaskiya tsoro ya kama ni, don har na fara ganin kaina a gona mutanen gari suna tambayata ina kwamfutar.

Na sake zuwa gida a ƙarshen mako jikina a sanyaye. Inna mahaifiyata ce ta lura ban taɓa tuwona ba. Da na yi mata bayani iya yadda za ta gane, sai ta ce in tafi Gummi wajen ɗiyar ƙanenta, ai ita ma irin karatun nan ta yi. Wannan ɗiyar kawun nawa ta girme ni, Adda nake ce mata. Ta yi jami'a, ta yi aure a Gummi, tana koyar da lissafi da kwamfuta a wata makarantar sakandare. Matsalar ɗaya ce, taubashiyata ce, kuma bakinta ba ya raga min tun ina yaro. Na so in ƙi, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi.

Damina ce, hanya duk taɓo. Na naɗe ɗan faifan da furogiram ɗin yake ciki a leda, na cusa a aljihun gaba, na hau kabu-kabu. Inda babur ya kasa, mu sauka mu tura. Na isa Gummi da hantsi, wandona ya yi kalar hanya.

Adda ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maraba da injiniya. Halan daga gona kake, ko ko gwajin zama manomi kaka yi tun yanzu?" Na haɗiye, na gaishe ta, na zaro takarduna zan fara bayani. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce takarda tana nuna abin da na rubuta ne kawai, ita kuma so take ta ga abin da furogiram ɗin yake yi. Ta sa aka tayar da janareto, ta yaye zanen da ta lulluɓe kwamfutarta da shi, ta karɓi faifan.

Ta sake harhaɗa furogiram ɗin ta yadda zai riƙe lambar kowane layi, sannan ta buɗe wata manhaja da ban taɓa gani ba. Ta ce sunanta dibaga, aikinta bin furogiram sawu da ƙafa yana cikin gudu. Ta ce asalinta rubutu ne zalla, sai ka haddace umarni kana bugawa, amma wasu bayin Allah suka yi mata fuska da maɓallai da taga-taga, yadda linzamin kwamfuta ma ya ishe ka. Allon ya kasu uku. A tsakiya ga furogiram ɗina layi-layi kamar yadda na rubuta shi. A ƙasa ga wurin umarni. Sama kuwa fili ne fari fes, babu komai.

Ta danna maɓallin gudu, furogiram ya maƙale kamar yadda ya saba. Har na ji wani daɗi-daɗi, na ce to ga shi ita ma ya yi mata. Sai kawai ta danna wani maɓalli na katsewa. Nan take wata 'yar koriyar kibiya ta bayyana a gefen wani layi, daidai wurin da furogiram yake hawa daga ɗa zuwa uba.

"Ga shi nan," in ji ta. "Bai mutu ba. Gudu shikai wuri guda."

Ni da na kwashe makonni ina ɗauka ya suma, ashe yana ta aiki ne ba hutawa. Ta kai linzami kan layin ta danna, wata jar alama ta tsaya a gefensa. Ta ce shinge ne ta kafa, duk lokacin da furogiram ya iso nan dole ya tsaya ya jira izini. Daga nan ta tashi daga kujerar ta ce in zauna, ita ba za ta yi min jarrabawa ba.

Na sake kunna shi, ya zo shingen ya tsaya cak. Ta nuna min maɓallin taku. Na danna, koriyar kibiyar ta sauko layi na gaba ta tsaya. Na sake dannawa, ta sake saukowa. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Abin da yake wucewa cikin ƙiftawar ido, ga shi yana tafiya a gabana a hankali, sai na ce taka yake takawa. In na ɗora linzami a kan wata kalma, sai ɗan rubutu ya fito ya faɗa min abin da ke cikinta a daidai lokacin. Duk shekarun da na yi ina karatu, hasashe kawai nake yi game da cikin kwamfuta. Ranar ce na fara leƙawa da idona.

Ta ce in zaɓi manunin da ke riƙe da mutumin da ake kai, in ce a nuna shi. Sai ga ɗan akwati ya fito a farin filin nan na sama, da sunana a ciki, da gurbin uba a ƙarƙashinsa. Ta ce in danna gurbin uban sau biyu. Wani akwatin ya fito da sunan mahaifina, kibiya ta tashi daga nawa ta sauka a kan nasa. Na ce daidai. Ta ce in ci gaba. Na danna gurbin uban mahaifina ina jiran akwatin kakana ya fito.

Babu akwatin da ya fito. Kibiya ce ta tashi daga akwatin mahaifina, ta lanƙwaso, ta dawo ta sauka a kan nawa.

Na ce mata manhajar nan tata ta rikice. Ba ta yi musu ba. Ta sa yatsa a kan allo ta nuna min lambar adireshin da ke gurbin, ta ce in kwatanta da ta akwatina. Iri ɗaya ce sak. Na lura tana danne dariya tun ɗazu, ashe ta riga ta gano, jira take in iso da ƙafata.

"Sunan wa anka sa maka?" ta tambaye ni.

Na ce na kakana.

"To wa kas sa farko cikin injin?"

Nan na dafe kai. Furogiram ɗina da suna yake neman uban mutum, kuma wanda ya fara cin karo da shi yake ɗauka. Da ya tashi neman uban mahaifina, sai ya tarar da ni a sahun gaba da sunan, ya ce ga shi. Na zama uban mahaifina, shi kuma ubana, injin yana ta zagaye tsakaninmu ba ranar fita. Turawan littafi ba su da takwara a cikinsu, shi ya sa nasu ya wuce lafiya. Ni kuwa na san sarai sunan kakana gare ni, amma a gidanmu ba mai furta sunan nan. Kakana Malam ake ce masa har bayan rasuwarsa, ni kuma mahaifina Babana yake kirana, sauran gida su bi shi. Sunan da ba na ji a bakin kowa, ban taɓa jin sa a matsayin abu ɗaya da ya haɗa mu ba.

Adda ta yi dariya har da hawaye. Ta ce daga yau sai ta riƙa durƙusa min, tunda na haifi mijin gwaggonta. Amma da ta gama tsiyarta, ta ce in yi tunani da kaina me zai raba mutum biyu masu suna ɗaya, ta shige kicin ta bar ni. Na ba kowane mutum lambarsa, na sa furogiram ya riƙa neman uba da lamba. Na dawo da dangin Adabka da na Anka da na kora ba laifin tsaye ba na zaune. Kafin la'asar zuriyarmu ta fito a kan allo tun daga tushe. Duk da haka ban tashi ba. Na ci gaba da kafa shinge ina takawa layi-layi, ina buɗe akwatuna ina kallon kibau, don daɗin abin kawai, har ta leƙo ta ce man janareton ba daga rijiya ake ɗebo shi ba.

Na nuna aikina gaban malamai, ya yi aiki, aka sallame ni tare da 'yan ajinmu.

Da na dawo gida na tarar da mahaifina a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Na faɗa masa na gama. Ya yi hamdala, sannan ya tambaye ni me ya hana abin aiki tun farko, don Inna ta ba shi labarin zuwana Gummi. Na yi masa bayani ina dariya, na ce injin ne ya ɗauke ni a matsayin mahaifinsa. Na zaci zai yi dariya shi ma. Sai na ga ya ajiye fartanyar.

"To mi kay yi mashi?"

Na ce na ba kowa lamba, na raba ni da Malam.

Mutum ne da ban taɓa ganin ya nuna rauni ba, amma ranar na ga idonsa ya kaɗa. Can ya ce, "Cikin injin ka raba ku, Babana. Nan gida ka bar man shi yadda shike."

Har yau aikin kwamfuta nake yi, kuma duk wanda ya zo min da furogiram yana rantsuwa cewa komai daidai yake, ba na musu da shi. Kujera nake ba shi, in kafa masa shinge, in ce ya taka da kansa, kamar yadda Adda ta yi min. Ina jinjina mata, don ta ga amsar tun kafin ni amma ta bar ni na gano da hannuna. Ina kuma jinjina wa mutanen da ban sani ba, waɗanda suka zauna suka yi wa manhajar nan fuska, har ɗan ƙauye irina ya ga kuskurensa a zane.

Mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da aka haifa min ɗa namiji na sa masa sunansa. Na buɗe tsohon furogiram ɗin na shigar da yaron, ya samu lambarsa daban, kibiyarsa ta nuno ni daidai ba tare da wata matsala ba. Ni ne dai har yau bakina ya kasa kiran sunan.