Kumburin da muka ɗauka ƙiba

Wata Laraba cikin damina, shekarar da na gama aji huɗu, ina zaune gindin rumbu a gidan kakarmu a Kalfu ina ba ƙanwata Rabi hura. An kawo ta yaye ne daga Tawa, kamar yadda aka yi mana duka: rana ɗaya a raba yaro da nono, a bar shi wurin kaka har ya manta. Ni aka haɗo ta da ni don ina hutu. Kaka ta dawo daga gona, ta ɗaga ƙafar Rabi, ta kira maƙwabta. "Ku zo ku ga ɗiyag ga, ta yi jiki! Hadiza ta iya reno." Ranar ko wasan ƴar gala-gala ban fita ba, don daɗin yabon da ta yi mini.

Shanu sun yi arewa da makiyaya, saboda haka hurarmu gero ce da ruwa kawai. Da safe in ɗebo ruwa, in share turken awaki, in bi zabi cikin ciyawa in kwaso ƙwai cike da ƙwarya. Ko ɗaya bai taɓa shiga bakin Rabi ba, domin Kaka takan ce, "Ba a ba yaro ƙwai, sata yake koyo." Kumatunta suka cika, gashinta ya yi ja-ja, ta daina kuka, mu kuwa muka ce ta yi haƙuri. Sai da innarmu ta zo ganinta, ta ga ko zama ba ta iyawa, ta goya ta zuwa likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya danna bayan ƙafarta da babban yatsa, ya ɗaga, ramin ya tsaya. Ruwa ne, ba tsoka ba. Ta yi makonni kwance a Tawa ana ba ta wata madara kaɗan-kaɗan kafin ta tashi.

Ba zan ce wannan kaɗai ya kai ni karatun ilimin abinci mai gina jiki a jami'a ba, amma ina jin yana ciki. A can na san sunan ciwon, na kuma gane cewa ƙwan nan da nake kwasowa wataƙila da ya taimaka. Abokan karatuna wasu suna asibiti suna tsara abincin masu ciwon suga, wasu suna kantin ciyar da ɗalibai a makarantu, wasu suna gwajin garin kunu. Ni ina auna damtsen yara a ƙauyukan wajen Takanamat, kuma nakan auna sau biyu, wani lokaci uku.

Yanzu idan wata tsohuwa ta miƙo mini jikanta tana murna ya yi ƙiba, nakan daɗe ina neman kalmar da ba za ta kunyata ta ba. Kaka ta rasu ban taɓa yi mata wannan magana ba, kuma har gobe ina kewar gidanta, inda ba na shakkar komai. Rabi tana ɗinki a Tawa, ba ta tuna ko ɗaya. Ni ce nake tunawa.