Bulon da Poko Ta Shanya

Ku matso ku zauna, in ba ku labarin maƙwabcina Yamba, na ƙauyenmu da ke bayan garin Kaya.

Shekara arba'in yana buga wa mutane tubali, amma ɗakin matarsa Poko duk damina sai bangonsa ya zube. Tana tarar ruwa da ƙwarya tana yi masa tsiya: "Maigida, ka gina wa rabin gari, ni kuwa da kwaɗi nake kwana!"

Ran nan ya ga wata makaranta da aka gina da jan bulo, wanda ruwa ba ya ci. Aka ce da injin hannu ake matse ƙasar, a ɗan sa siminti. Shi ke nan, Yamba ya shiga neman injin, don ya gina wa Poko ɗaki da irin bulon. Ya je Wagadugu, aka ce sai an yi odarsa. Wani mai walda ya ƙera masa irinsa, hannun injin ya karye ranar farko. Sai a rani na uku ya samu aro wajen wani magini a garin Kongusi, na kwana shida tak. Ya sayar da kekensa ya sayi siminti.

Muka taya shi dannawa har kafaɗunmu suka yi tsami. Ya jera bulon a inuwa, ya yayyafa ruwa, ya lulluɓe da leda, don maginin ya ja masa kunne: wannan bulon ba ya son rana sai ya yi mako uku. Mu mun ji bayanin. Poko ce kawai ba wanda ya yi wa, wai aikin maza ne.

Mu da Yamba muka ɗora injin a keken jaki muka mai da shi, kwana huɗu zuwa da dawowa.

Poko ta leƙa ta ga bulo na gumi cikin leda. Matar mai tubali ce, ta san abin da tubali yake so. Da ciwon gwiwarta ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ta baje a rana.

Da muka dawo ta tare shi da dariya. "Tsufa ya kama ka, tsoho! Wa ke lulluɓe bulo kamar jariri? Ga su nan, na shanya maka."

Yamba ya ɗauki ɗaya. Duk ya tsattsage, gefensa na marmashewa a hannu. Ya dubi gwiwoyinta da suka kumbura.

"Sannu da aiki, uwar gida," ya ce. "Injin ne ba shi da kyau."

Da tubalin laka ya sake ɗaga mata ɗakin. Damina biyu ta ƙara a ciki, tana tarar ruwa tana zagin injin Kongusi, sannan Allah ya yi mata rasuwa. Har yau jajayen bulon na jibge a bayan gidansa, ya hana kowa taɓawa.

Ni ma ban taɓa faɗa mata ba. Ku fa, da kun faɗa?